Tarihin Horon Kau da Ɓarna da Tasirinsa ga Halayen Ma'aikatan Gini

A cikin wannan maƙala za mu bi diddigin tsarin nan da Turawa ke kira Lean, wanda mu za mu kira horon kau da ɓarna, domin mu ga ta wace hanya ya iso wuraren gini, da kuma abin da ya sauya a halayen masu aikin.

Galibin masana sukan fara labarin daga kamfanin Toyota, amma a ganinmu tushensa ya girmi haka. A 1940, da yaƙin duniya na biyu ya sa masana'antun Amurka ɗaukar sababbin hannu birjik, sai gwamnati ta kafa shirin TWI don horar da masu kula da ma'aikata. Darasin sa'o'i 10 ne kacal, cikin zama 5. Ana koya wa shugaban rukuni ya shirya mai koyo, ya nuna masa aikin, ya bar shi ya gwada, sa'an nan ya riƙa bibiyarsa. In kuwa mai koyo bai iya ba, to, laifin na mai koyarwa ne. Bayan yaƙi shirin ya mutu a gida, amma ya rayu a Japan, inda Toyota ta karɓe shi a farkon shekarun 1950. A can Taiichi Ohno ya gina tsarinsa, har ma'aikaci ya sami ikon tsai da layin ƙira in ya ga aibu. Sai a 1988 John Krafcik ya raɗa wa tsarin sunan da aka san shi da shi.

To, gini ba ƙirar mota ba ne. Mota ita ke zuwa wurin ma'aikaci, amma birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi su ke zagaya aikin, kowa da ɗan kwangilarsa, kowa kuma na jiran wani ya gama. A 1992 Lauri Koskela, ɗan ƙasar Finlan, ya rubuta rahoto a Jami'ar Stanford yana nuna cewa jira da jigila da maimaita aiki su ke cinye lokacin gini. Glenn Ballard da Greg Howell kuwa, waɗanda suka kafa cibiyarsu a 1997, da suka ƙidaya ayyukan da ake tsarawa kowane mako, sai suka tarar abin da ake kammalawa bai wuce rabi da kaɗan ba.

Maganin da suka kawo shi ne ya fi jan hankalinmu, domin hali ya taɓa, ba kayan aiki ba. Shugaban kowane rukuni shi ne mai tsari na ƙarshe. Ba zai ɗauki alkawarin zuba kankare ba sai ya tabbata zane ya fito, siminti ya iso, mai rodi ya gama. Watau an hore shi ya ce a'a a gaban injiniya, abin da a da rashin kunya ne. A ƙarshen mako a ƙirga alkawuran da aka cika, a tambayi dalilin waɗanda suka faɗi, ba don a kama mai laifi ba. Horon nan ya fi wa manya wuya, don kuwa injiniyan da ya yi tsawa sau ɗaya ya koya wa kowa ya koma cewa "to" alhali ya san aikin ba zai yiwu ba.

A Ingila, rahoton John Egan na 1998 ya nemi a riƙa rage kuɗi da lokacin gini da kashi 10 cikin 100 kowace shekara. Da Andrew Wolstenholme ya sake duba lamarin a 2009, ya tarar an yi nesa da wannan buri. Dalili guda, a namu nazarin, shi ne Toyota ta hori mutanen da za su shekara talatin tare, ɗan kwangila kuwa da zarar an miƙa mabuɗi sai rukuninsa ya watse, wanda aka hora ya faɗa hannun wani maigidan da bai taɓa jin a'a daga na ƙasa ba.