Diyyar Malaman Jinya: Daga Dokar Turawa Zuwa Asibitin Birnin Kudu



Kalmar diyya ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Tun a zaure aka karantar da mu cewa diyyar rai raƙuma ɗari ce, kuma in kisan kuskure ne, dangin wanda ya yi su ke haɗa hannu su biya. Sai dai a nan kullum akwai wanda za a nuna da yatsa. To idan allurar da aka zare daga jikin mai ciwon hanta ce ta soki malamar asibiti fa? Ko tarin fuka ya kama ta a ɗakin da take kwana tana jinya? Wa za a kama?

Turawa ma sun jima suna fama da wannan tambaya. Jamus ta fara a 1884, Ingila ta biyo baya a 1897, suka kafa dokar cewa wanda ya ji rauni a bakin aiki za a biya shi ko da babu laifin kowa. Dokar ta iso Najeriya a 1941, gwamnatin Babangida ta sabunta ta a 1987. Amma ma'aikacin da aka fi tunawa da shi a wancan zamani lebura ne, irin na haƙar kuza a Jos da na jirgin ƙasa: hannu ya guntule, ƙafa ta karye, a biya shi kuɗi dunƙule sau ɗaya, shi ke nan. Cutar da ido ba ya gani kuwa ɗan gurbi kaɗan ta samu.

Alhali ita ce ke cin malaman jinya. A 1969, da wata baƙuwar cuta ta ɓulla a garin Lassa na ƙasar Borno, ma'aikatan jinya ta fara kayarwa. Laura Wine ta kamu, aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Ta ukunsu, Lily Pinneo, sai da aka kwashe ta zuwa Amurka sannan ta rayu. A 2014 cutar Ebola ta kashe Justina Ejelonu a Legas, ita ma a bakin aikin jinya.

Sai a watan Disambar 2010 Shugaba Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka. Duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi. Ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci. In muka lura, wannan ya yi kama da haɗa hannun dangi da muka sani, kowa ya kawo nasa don ranar da tsautsayi zai faɗa wa ɗaya. Dokar ta haɗa da cutar da aka ɗauka a wajen aiki, da haɗari a hanya tsakanin gida da wajen aiki. Wanda ya rasu ya bar miji ko mata da 'ya'ya biyu ko fiye da suka dogara da shi, za a riƙa ba su kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

Yanzu mu dawo gida. Birnin Kudu gari ne na malaman jinya, ga makarantar koyon aikin, ga Asibitin Tarayya. Wadda ke aiki a wannan asibiti ma'aikaciyar Abuja ce. 'Yar ajinsu da aka tura Gwaram, ko ƙaramin asibitin Basirka, tana ƙarƙashin jiha ko ƙaramar hukuma. Lokacin amai da gudawa na 2021 da ya addabi Jigawa, cutar ba ta tambayi kowa wa ke biyansa albashi ba. A takarda doka ɗaya ce ta rufe su duka, amma asusun sai an zuba masa kuɗi, kuma NSITF ta daɗe tana kukan cewa jihohi da dama suna jan ƙafa.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne yadda muke cakuɗa abubuwa uku. Akwai alawus ɗin haɗari, wanda ya shekara da shekaru yana naira 5,000 a wata kafin a ƙara shi a ƙarshen 2021. Akwai haƙƙin mamaci da ake biya daga asusun fansho. Diyya daban take. A ganinmu, iyalin da aka miƙa wa kuɗin fansho suka yi godiya suka tafi, ba lallai sun san akwai saura ba. Mu kanmu marubuta, a littattafanmu nas ba ta wuce mai tsawa a ɗakin haihuwa, da wuya ka ga an kwantar da ita a gado.

Dokar kuma tana da wa'adi. Ma'aikaci zai sanar da wajen aikinsa cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto hukumar cikin kwana 7. Malamar da allura ta soka da tsakar dare, ita kaɗai a ɗaki da marasa lafiya birjik, sau da yawa wanke yatsa take yi ta koma kan na gaba. Ciwon hanta kuwa yana iya ɗaukar watanni kafin ya nuna kansa, lokacin da babu wani littafi a asibitin da aka rubuta abin da ya faru a wancan dare.