Augusto Boal da Tarihin Wasan Kwaikwayon Waɗanda Ake Zalunta

A ƙarni na 20 an yi daraktocin wasan kwaikwayo da dama da suka gwada sababbin dabarun tsara dandamali da horar da 'yan wasa, amma ƙalilan ne suka taɓa tushen al'adar kanta, wato shingen da ya raba masu yin wasa da masu kallonsa. Augusto Boal, ɗan ƙasar Birazil da aka haifa a birnin Rio de Janeiro a 1931, yana cikin waɗannan ƙalilan, domin ya shafe fiye da shekara hamsin yana neman hanyar da ɗan kallo zai bar mazauninsa, ya hau dandamali, ya juya akalar labarin da hannunsa. Mulkin soja da gudun hijira, da kuma gyaran da talakawa suka yi masa ido da ido, su ne suka kai shi ga wannan matsayi sannu a hankali.

Mahaifinsa mai gidan burodi ne da ya yi ƙaura daga Fotugal, shi kuwa Boal ilimin injiniyan sinadarai ya karanta, kafin ya tafi Jami'ar Columbia a New York a farkon shekarun 1950, inda ya koyi rubutun wasa a hannun John Gassner. A 1956 ya shiga ƙungiyar Arena ta birnin São Paulo, wadda ke wasa a wani ɗan ƙaramin zaure da 'yan kallo ke zama kewaye da 'yan wasa, ba labule, ba kayan ƙawa masu tsada. A lokacin manyan gidajen wasa na birnin sun fi karkata ga wasannin Turai da salon Turai, sai Arena ta ɗauki wata hanya: a 1958 ta nuna wasan Gianfrancesco Guarnieri a kan yajin aikin ma'aikata mazauna unguwannin talakawa, ta kuma kafa zauren koyar da matasa rubuta wasanni da harshen da ake ji a titi.

Duk da haka, wasannin siyasa na wancan zamani wa'azi ne daga sama, kuma Boal ya ba da labarin ranar da ya gane haka. Ƙungiyarsa ta yi wa manoma marasa gona a arewa maso gabashin ƙasar wasa, aka rufe da waƙar da ke kira a zubar da jini domin ƙwatar ƙasa, 'yan wasa riƙe da bindigogin katako. Wani manomi mai suna Virgílio ya ɗauki maganar da gaske, ya gayyace su su zo a tunkari mai gonar tare, ya ce idan bindigoginsu na ƙarya ne akwai na gaske da za a ba su. Da suka amsa cewa su 'yan wasa ne kawai, sai manomin ya fahimtar da su cewa ashe jinin manoma suke nufi, ban da nasu. Wannan raddi yana da nauyi ƙwarai, domin daga nan Boal ya ƙudurta cewa bai halatta mai fasaha ya ingiza mutane ga haɗarin da shi ba zai shiga ba.

Bayan juyin mulkin soja na 1964, Arena ta koma faɗar gaskiya ta bakin tarihi. A 1965 ta nuna wasa a kan Zumbi, jagoran bayin da suka gudu suka kafa yankinsu na Palmares a ƙarni na 17, kuma daga irin waɗannan wasanni aka samu tsarin da ake kira na joka, inda 'yan wasa ke musayar matsayi, wani kuma, wato jokan, ya tsaya tsakanin labarin da jama'a yana bayani yana jefa tambayoyi. Da aka tsananta tace rubuce-rubuce a ƙarshen 1968, Boal ya fito da wasan jarida, wato dabarun mayar da labaran da aka buga da safe su zama wasa da yamma, ta yadda za a ga abin da jaridar ta ɓoye. A 1971 aka kama shi, aka azabtar da shi a tsare, sannan ya bar ƙasar zuwa Ajantina.

A gudun hijira ne aikinsa ya nuna. A Ajantina ya yi amfani da ɓoyayyen wasa, wanda ake yi a gidan abinci ko cikin jirgin ƙasa ba tare da mutanen wurin sun san wasa ba ne, har gardama ta ɓarke a kan tsadar abinci ko wani zalunci. Wannan dabara tana da aibi, tunda an shigar da mutane cikin abin da ba su amince da shi ba, sai dai ta yi amfani a inda taron fili ke jawo kamu. A 1973 ya yi aiki da shirin yaƙi da jahilci na ƙasar Peru, wanda ya ginu a kan tunanin malamin nan Paulo Freire, kuma da yake mahalarta suna magana da harsuna daban-daban, sai aka koma ga wasan siffa, inda mutane ke tsara jikkunansu kamar gumaka domin nuna halin da ake ciki, da halin da ake so, da hanyar da za a bi tsakaninsu. A can ne kuma wata mata, da ta gaji da yadda 'yar wasa ta kasa aiwatar da shawararta game da miji maci amana, ta hau dandamali ta nuna abin da take nufi da kanta.

Daga nan aka samu wasan dandalin muhawara, wanda shi ne ginshiƙin aikin Boal. Ana nuna gajeren wasa da ke ƙarewa da faɗuwar wanda ake zalunta, sannan a sake shi, duk ɗan kallon da ya ga wata mafita ya tsayar da wasan, ya maye gurbin wanda aka zalunta, ya gwada dabararsa, masu taka rawar azzalumai kuma su yi masa turjiya kamar yadda za a yi a zahiri. Jokan ba ya yanke hukunci, aikinsa ya tambayi taro ko abin da aka gwada zai yiwu. A littafinsa na 1974, wanda ya raɗa wa tsarin sunan wasan kwaikwayon waɗanda ake zalunta, Boal ya soki tsarin masanin falsafa Aristotle na wasan ban tausayi, yana ganin yana wanke zuciyar ɗan kallo ne ya mayar da shi gida cikin biyayya. Masana da yawa suna ganin ya matsa wa rubutun Aristotle fiye da kima, kuma suna da hujja, amma tambayar da ya tayar, ta wane ne ke da ikon yin aiki a cikin wasa, ta tsaya da ƙafarta.

Ya zauna a Lisbon daga 1976, sannan a Paris, inda ya tarar da mutanen da ba ɗan sanda a ƙofarsu amma tsoro da kaɗaici sun ɗaure su, abin da ya kira ɗan sandan da ke cikin kai, ya kuma tsara dabaru na musamman dominsa. A 1986 ya koma Rio ya kafa cibiyarsa, kuma daga 1993 zuwa 1996 ya yi kansila a majalisar birnin a ƙarƙashin Jam'iyyar Ma'aikata, inda ƙungiyoyin unguwanni ke yin wasa, a tattara shawarwarin da suka fito, lauyoyi su mayar da su ƙudurori. Dokoki 13 aka samar ta wannan hanya, ciki har da wadda ta shafi kula da tsofaffi a asibitocin birnin. Ya rasu a watan Mayun 2009.

Tsarin ya bazu har ƙauyukan Bengal ta Yamma a Indiya, ta hannun ƙungiyar Jana Sanskriti, da Burkina Faso, inda Prosper Kompaoré ya yi aiki da shi shekaru masu yawa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, malamai irin su Michael Etherton da Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun ɗauki tunanin Freire da Boal, suka fita da ɗalibai zuwa Samaru da ƙauyukan kewaye tun daga ƙarshen shekarun 1970, suna gina wasa da Hausa daga matsalolin da manoma suka faɗa da bakinsu. Inda abin ya fi samun rauni shi ne lokacin da hukumomin raya ƙasa suka karɓi salon, suka riƙa zuwa ƙauye da saƙon da aka riga aka rubuta a ofis, a kira mutane dandamali domin su maimaita amsar da mai ba da kuɗi yake son ji.