Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Tsofaffin Fijo da Ke Kan Hanyoyinmu

Duk ɗan garinmu da ya zo ganin gida daga Legas ko Fatakwal ko Abuja, in zuwan nasa ya dace da ranar kasuwa, zai ci karo da abin da ya daɗe bai gani ba a birnin da yake zaune. A bakin tasha zai tarar da tsofaffin motocin Peugeot, waɗanda bakinmu ya mayar Fijo, ana yi musu lodin buhunan masara da kwandunan tumatir, wata a-kori-kura, wata doguwa mai kujeru layi uku. Da yawa daga cikinsu sun girmi direbobinsu. Samarin da suka tashi a birni kan tsaya su yi dariya, su ɗauki hoto da waya, su wuce. Ni kuwa a ganina abin ya wuce na dariya, domin motar da ta shekara 30 ko 40 tana ɗaukar kaya a kan burji dole akwai abin da ya hana ta mutuwa, kuma wannan dalili wani yanki ne na tarihinmu da ya kamata 'ya'yanmu su sani.

A ƙasar Faransa aka fara fito da Fijo 504 a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a nahiyar Turai. Kafin ita akwai yayarta 404, wadda ta fito a 1960, ita ce ma ta fara yi wa kamfanin suna a Afirka, don sau huɗu tana cinye gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka tsakanin 1963 da 1968. Ita ma 504 ta cinye gasar a 1975. Wannan tsere kuwa a kan laka da ƙura da duwatsu ake yin sa, wato irin hanyoyin da muka sani.

Zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, lokacin da kuɗin man fetur ya fara kwararowa, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wasu kamfanonin Turai su zo su riƙa harhaɗa motoci a cikin ƙasa. An yi wa kamfanin Peugeot na Nijeriya rajista a 1972, sa'an nan a 1975 aka buɗe masana'antarsa a Kakuri, cikin Kaduna. A wannan tsakani ne Volkswagen ta kafa tata a Legas, daga baya kuma aka sami ta Steyr a Bauchi, da ta Fiat a Kano, da ta Leyland a Ibadan, da ta Mercedes a Inugu. Wani abin mamaki da matasa ba su sani ba shi ne, a shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassan Fijo daga birnin Liyon na Faransa zuwa filin jirgin saman Kano, daga nan a ɗauke su zuwa Kaduna. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas a 1975, inda ɗaruruwan jirage masu ɗauke da siminti suka yi watanni suna jiran a sauke su.

Abubuwa biyu suka taru suka mayar da ita motar kowa. Na farko ƙarin albashin Udoji, wanda ya shiga aljihun ma'aikata a farkon 1975 tare da ariyas. Malaman firamare dai keke da babur suka saya, amma manyan ma'aikata, da taimakon rancen mota na gwamnati, sai suka nufi Fijo. Na biyu, bayan an kashe Janar Murtala Muhammad a ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, ta mayar da 504 motar aikin manyan jami'ai a maimakon Marsandi. Da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a wannan shekara, sai motar ta gangaro har sakatariyar ƙaramar hukuma. Da ita ake ɗaukar marar lafiya zuwa babban asibiti, da ita 'yan sanda ke sintiri, da ita ake kai amarya. Lokacin da muke kwalejin horon malamai ana tura mu ƙauyuka koyon aiki, ƙurar 504 daga nesa ta isa ta sa kowane malami ya gyara zaman rigarsa ya buɗe littafin tsara darasi, don an san masu duba aiki ne suka iso.

To, me ya sa nata kwanan ya yi nisa a nan, alhali a ƙasar da aka ƙirƙiro ta sai a wurin masu tara kayan tarihi ake ganinta? Babban dalili yanayin ƙasarmu ne. Ba tsufa ke kashe mota a Turai ba, tsatsa ce. A lokacin hunturunsu ana watsa gishiri a kan tituna don ƙanƙara ta narke, ruwan gishirin nan ya fantsama ya maƙale a ƙarƙashin mota, ya yi ta cin ƙarfe a ɓoye har gindinta ya ɓurme, ko da injin yana da sauran ƙarfi. Mu kuwa daminarmu wata huɗu ce ko biyar, sauran shekara iska busasshiya ce, laimar da tsatsa ke bukata ba ta samun wurin zama. 'Yan'uwanmu mazauna Legas da Fatakwal shaida ne a kan wannan, domin a can iskar teku mai gishiri da yawan ruwan sama kan huda bodin mota cikin 'yan shekaru. Motoci biyu da suka fito daga Kakuri rana ɗaya, wadda aka kai kudu ta daɗe da zama tarkace, wadda ta zauna a arewa har yanzu tana zuwa cin kasuwar ƙauye.

Kada mai karatu ya ɗauka rana ba ta da tata ɓarnar. Tana kashe fenti, tana tsattsaga robar gaban mota da ta bakin gilashi, ƙurar hunturu tana toshe kafireto, zafin bazara kuma yana tafasa ruwan lagireto. Sai dai duk waɗannan cututtuka ne masu magani. Ana sake fenti, ana wanke kafireto, ana ɗinka sabuwar kujera. Ƙashin bayan mota shi ne in ya ruɓe sai haƙuri, shi ne kuwa yanayinmu ya kare.

Sai kuma ƙirar motar. Tana da tsayi daga ƙasa, sifirin ɗinta yana da laushi da nisan lotsawa, shi ya sa take shanye gargada ba tare da ta wahalar da fasinja ba. Ƙafafun baya ke tura ta, saboda haka in aka danna mata kaya sai ta ƙara riƙe ƙasa. Injinta, wanda bai kai lita 2 cif ba, babu kwamfuta a cikinsa. Wannan ya kawo mu ga mutanen da a ganina ba a yi musu adalci ba in ana ba da wannan labari, wato kanikawa. Shekara 30 ana harhaɗa mota iri ɗaya a Kaduna, sai iliminta ya bazu daga maigida zuwa yaro har ya kai kowace gindin bishiya da ake kwance inji. Bakanike a garinmu, wanda bai gama firamare ba, yakan kasa kunne ya ji ƙarar inji ya gaya maka filogi na nawa ne ya mutu. Kayan gyara kuwa ga su a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, sababbi da na hannu, abin da aka rasa kuma maƙera da masu walda su ƙera. Haka abin yake a Maraɗi da Damagaram, inda a shekarun 1970 da 1980 Turawa kan tuƙo tsofaffin 504 su keto Sahara ta Agadas su sayar, su koma gida a jirgi.

Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har 2006. Sai dai tun kafin nan ƙafa ta fara gurɗewa. Shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida a 1986 ya karya darajar naira, sassan da ake shigowa da su suka yi tsada, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Aka koma ga motocin kwatano, waɗanda Turawa suka gama yayi. A tashoshinmu Golf da Sharan da bas-bas na Toyota suka ture doguwar Fijo daga manyan hanyoyi, ta koma hanyoyin ƙauye inda su ba sa iya shiga. Gwamnati ta sayar da hannun jarinta na kamfanin a 2006, a 2012 kuma hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi. An buɗe wata sabuwar masana'antar Peugeot ta haɗin gwiwa da Ɗangote a hanyar Kaduna zuwa Abuja a 2022, amma motocinta na zamani ne, ba irin waɗanda bakaniken gindin bishiya zai kwance da sifana ba.

Waɗanda suka rage a garinmu iri biyu ne. Akwai na aikin ƙarfi, waɗanda an sake musu inji da ƙofofi har ba a san asalin launinsu ba. Akwai kuma 'yan kaɗan da ke kwance a garejin tsofaffin ma'aikata, an lulluɓe su da tamfol, ba a fito da su sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure. Irin waɗannan ne abin kallo. Za ka ga fentin kamfani bai taɓa sakewa ba, zakin da ke gaba yana nan, kujeru suna cikin rigar da aka ɗinka musu tun suna sababbi, a aljihun gaba kuma akwai littafin da mai ita ke rubuta ranar da ya juye baƙin mai. Na san wani dattijo, tsohon jami'in gona, da har yau ba ya yarda kowa ya rufe masa ƙofar mota da ƙarfi.

Su ne kuma ke cikin haɗari. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a 2024, Fijo kuwa ba ta da sauƙin shan mai, ɗan fansho ba zai iya da ita ba. In mai ita ya rasu, magada, waɗanda galibinsu ku ne mazauna birni, sukan zo rabon gado cikin gaggawa, a kira 'yan gwangwan su auna ta a kan kuɗin ƙarfe, a daddatsa ta a kai kamfanin narkawa. A idona aka yi wa guda biyu haka a unguwarmu, ɗaya ko tsaga babu a gilashinta.

Ba na cewa kowa ya riƙe motar mahaifinsa, don gado hakkin magada ne, wani ma yana bukatar kuɗin. Roƙona shi ne kafin a sayar a ɗauke ta hoto gaba da baya da ciki, a adana rasidin saye da takardun rajista da tsohuwar lamba, a rubuta shekarar da aka saye ta da aikin da mai ita yake yi a lokacin, a miƙa kwafi ga sakataren ƙungiya. In kuma motar lafiyayya ce, a fara tallata ta ga 'yan gari kafin a kira masu sikeli. A harabar tsohuwar makarantarmu ta firamare akwai rumfar kwano da ba a amfani da ita, wadda za ta ɗauki mota ɗaya, har da sauran wurin da yara za su zagaya ta.