Daga Rufisque zuwa Yamai: tushen tazarar da ke tsakanin ɗalibai mata da maza

Idan ana maganar tazarar da ke tsakanin ɗalibai mata da maza a jami'a, galibi sakamakon jarrabawa ake dubawa. A ganinmu wannan ma'auni bai wadatar ba, domin ba ya nuna waɗanda suka samu isowa ƙofar jami'ar da waɗanda suka tsaya a hanya.

A 1903 ne gwamnatin mulkin mallaka ta Faransa ta buɗe makarantar horon malamai a Saint-Louis ta ƙasar Senegal, wadda daga baya aka raɗa wa sunan William Ponty. Maza kaɗai take ɗauka. Nan ne Bubu Hama da Diori Hamani da Jibo Bakari suka yi karatu. Takwararta ta ƴan mata, wato ta Rufisque, sai a 1938 aka buɗe ta, bayan shekara 35, a ƙarƙashin Germaine Le Goff. Kafin nan, iyakar inda ɗiya mace za ta iya kaiwa shi ne sashen ungozoma na makarantar likita ta Dakar, wadda aka kafa a 1918.

Manufar ma ta bambanta. Ɗan Ponty ana shirya shi ya zama malami, ko akawun gwamnati, ko ya wuce karatun likita. Ƴar Rufisque kuwa koyarwa ce makomarta, tare da darussan kula da gida.

Wannan gado ne cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai ta tarar da aka kafa ta a 1971, kafin ta zama jami'a a 1973. Yarinyar da ta taso daga karkarar Maradi ko Tawa sai ta ci sartifika, da birbe, da bak, duka a Faransanci, harshen da ba a yi a gidansu. Sau da yawa kuma kwalej na nesa, tana zaune hannun mai masauki, ga maganar aure a kowane hutu. Wadda ta iso jami'a, an riga an tace ta fiye da abokin karatunta namiji.

Ke nan, kwatanta makin ɓangarorin biyu kwatanta jama'a biyu ne da ba a zaɓo su ta hanya guda ba. Buɗe jami'o'in Maradi da Damagaram da Tawa a 2010 ya rage nisa a mataki na ƙarshe kawai. Mai binciken wannan tazara zai fi samun bayani a rajistocin firamare da kwalej, inda sunayen ƴan mata ke ɓacewa aji bayan aji.