Daga Real Republikans zuwa Filin Kawukudi: Tarihin Wata Gardamar Ƙwallo

A majalisun shan ataya na Maamobi da Nima, akwai gardamar da ba ta mutuwa a tsakanin masoya ƙwallon ƙafa: shin ya dace a bar manyan ƙungiyoyi irin su Hearts of Oak da Asante Kotoko su saka ƙungiyoyinsu na biyu, wato na matasa da 'yan benci, a cikin ƙananan rukunai, su yi takarar maki da ƙungiyoyin unguwanni? Masu goyon baya suna cewa yaro ba ya ƙwarewa sai ya gwabza da manya. Masu adawa kuwa suna cewa an shigo da ɗan sarki kokawar talakawa, in ya yi kaye a yi guɗa, in an kayar da shi babu abin da ya rasa. Waiwaye adon tafiya ne, kuma ƙasarmu Gana tana da abin waiwaya a kan wannan batu.

Ƙwallon ƙasar nan hawa-hawa ne. A sama akwai gasar Firimiya mai ƙungiyoyi 18. Ƙarƙashinta akwai rukuni na ɗaya mai ƙungiyoyi 48 da aka raba shiyya uku, sannan rukuni na biyu da na uku waɗanda hukumomin ƙwallo na yankuna ke gudanarwa. A waɗannan matakai na ƙasa ne ƙungiyoyin zangonni ke rayuwa, da kuɗin karo-karo da aljihun mutum ɗaya ko biyu. Hearts, wadda aka kafa a 1911, ta daɗe da ƙungiyar matasanta mai suna Auroras. Renon matasa ba shi ake jayayya a kai ba. Inda za su buga, da wanda zai ɗauki asarar, su ne tushen gardamar.

A shekarar 1961, gwamnatin Kwame Nkrumah, ta hannun daraktan wasanni Ohene Djan, ta kafa wata ƙungiya mai suna Real Republikans. An tsara ta ne don ta zama abin koyi, ta kuma zama rumbun da Black Stars za ta riƙa ɗiba. Hanyar da aka bi ita ce zaɓo gwanaye biyu daga kowace ƙungiya. Daga Kotoko aka ɗauke Baba Yara da Dogo Moro, sunayen da duk ɗan zango zai ji kamar na gidansu ne. Mutanen Kumasi sun ji zafin abin ƙwarai, domin sun ga an raba su da 'ya'yan da suka rena ba tare da shawararsu ba.

Ta fuskar sakamako, shirin ya yi albarka. Republikans ta lashe gasar ƙasa ta kakar 1962/63, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale sau huɗu a jere, daga 1962 zuwa 1965. A daidai wannan zamani Black Stars ta ci kofin Afirka a Ankara a 1963, inda ta doke Sudan da ci 3 da nema, ta sake cin sa a Tunisiya a 1965. Wanda ya ce tara gwanaye wuri ɗaya yana ɗaga ƙwallon ƙasa, yana da hujja a nan.

Sai dai Baba Yara, wanda ake yi wa kirari da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma, bai buga ko ɗaya daga cikin kofunan biyu ba. Ranar 24 ga Maris, 1963, motar Republikans ta yi hatsari a Kpeve a yankin Volta, suna dawowa daga wasa. Ya samu rauni a laka yana ɗan shekara 26, aka kai shi asibiti a Ingila, bai sake taka leda ba har Allah Ya karɓi ransa a 1969. Allah Ya jiƙan sa. Yau babban filin wasa na Kumasi sunansa yake ɗauke da shi, kuma masoyan Kotoko ne suka fi riƙe ambatonsa.

Ita kuwa Republikans, da aka yi juyin mulkin 24 ga Fabrairu, 1966, sai aka rusa ta, 'yan wasanta suka watse. Hearts da Kotoko suna nan har gobe, domin suna da unguwa da gari a bayansu. Ƙungiyar da aka dasa daga sama ta tafi tare da wanda ya dasa ta. Gaskiya ne Republikans a saman tsani aka ajiye ta, ƙungiyar 'yan benci kuwa a ƙasa ake son ajiye ta, amma sun yi tarayya a abu ɗaya: dukansu sun shiga gasa ne domin wata manufa da ke wajen gasar, kuma ƙarfinsu daga wani gida yake fitowa.

Turai ma ta sha wannan gardama. A Sifaniya an daɗe da amincewa da tsarin, har ta kai a 1980 Castilla, ƙungiya ta biyu ta Real Madrid, ta haɗu da uwarta a wasan ƙarshe na kofin sarki, aka doke ta 6 da 1. A 1984 ta zo ta ɗaya a rukuni na biyu, amma doka ta hana ta hawa. A Jamus an taƙaita irin waɗannan ƙungiyoyi a rukuni na uku, kuma ƙungiya ta biyu ta Bayern Munich ta lashe shi a 2020 ba tare da samun ƙarin matsayi ba. A Ingila kuwa, da shugaban hukumar ƙwallo Greg Dyke ya kawo shawarar a 2014, ƙananan ƙungiyoyi da magoya bayansu suka yi mata ca har aka jingine ta. Da aka shigar da matasan manyan ƙungiyoyi wani ƙaramin kofi a 2016, 'yan kallo da yawa suka ƙaurace wa filaye. Ko inda aka yarda, da shinge aka yarda.

Mu a zango muna da ƙarin abin dubawa. Mohammed Kudus a Nima ya tashi, a ƙungiyar yara ta Strong Tower ya fara, kafin makarantar Right to Dream ta ɗauke shi. Daga nan ya tafi Nordsjaelland ta Denmak a 2018, Ajax a 2020, sai West Ham a 2023. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin ƙungiyoyin da suka horar da shi, amma lissafin daga shekara 12 yake farawa. Mai horarwar da ya koya wa yaro tare ƙwallo yana ɗan shekara bakwai a kan jar ƙasa, ba ya cikin wannan rabo. Idan kuma aka kawo ƙungiyar 'yan bencin babban kulob cikin rukuninsa, da motarta da likitanta da rigunanta, wane uba ne zai hana ɗansa komawa can? Ƙaramar ƙungiya za ta rasa maki a fili, ta rasa yara a gida.

Saboda haka abin da tarihi ya nuna mana shi ne, in har za a buɗe wannan ƙofa, to a fara da kafa sharuɗɗa. A ƙayyade shekarun 'yan wasa, kada a riƙa sauko da gwanayen Firimiya ranar da maki ya yi tsada. A ƙayyade yawan irin waɗannan ƙungiyoyi a kowane rukuni, kada kuma su tare wa ƙungiyar unguwa gurbin hawa. Duk yaron da aka ɗauka daga ƙungiyar yara ko ta rukuni na biyu, a biya ladan renonsa a rubuce. Mu kuma a namu ɓangaren, mu tabbatar ƙungiyoyinmu sun yi wa kowane yaro rajista, domin ranar rabon kuɗi takarda ake tambaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A 1961 babu wanda ya nemi jin ta bakin masu renon 'yan wasa kafin a yanke hukunci. Wannan karon, wajibi ne masu horar da yara a Kawukudi da sauran filayen Maamobi da Nima su samu kujera a duk inda za a zauna a kan batun.