John Glenn da ƙurar Kano

Jiya na ci karo da hotunan da John Glenn ya ɗauka ranar 20 ga Fabrairu 1962, ranar da ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a kumbo. Sau uku ya zagaya. Ƴar kyamarar ma a kanti ya saye ta.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, lokacin NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano. Da ya zo saitinta, ya ce musu yana hango ƙura ta turnuƙe. Hunturu ne fa!

Wallahi a makaranta ba wanda ya taɓa faɗa min. Jama'a, ina hotunan tashar nan? A duba akwatunan kakanni tun gara ba ta riga mu ba.