Asalin Kalmar "Gamut": Daga Sautin Waƙa Zuwa Faɗin Al'amari

Ɗalibin da ya nemi kalmar "gamut" a ƙamus ɗin Ingilishi zai tarar tana nufin iyakar faɗin abu, tun daga farkonsa har ƙarshensa. Sai dai tun asali sunan sauti ɗaya tak ce, kuma mafi ƙasa a jerin sautukan waƙa.

Tarihin ya faro ne a Italiya cikin ƙarni na 11. A lokacin, mawaƙan coci kan shafe shekaru suna haddace waƙoƙi daga bakin malamansu, kuma duk abin da malami ya manta ya tafi ke nan. Wani malamin addinin Kirista mai suna Guido, wanda ya koyar a garin Arezzo, ya samar da hanyar sauƙaƙa wannan wahala. Ya ɗauki wata tsohuwar waƙar yabon Yahaya Maibaftisma wadda kowane yankinta ke farawa da sautin da ya ɗara na baya tsayi, ya ciro gaɓar farko ta kowane yanki, ya mayar da su sunayen sautuka: ut, re, mi, fa, sol, la. Masana kiɗa na zamanin kuwa sun riga sun saba nuna sauti mafi ƙasa da gamma, harafi na 3 a Girkanci. Saboda haka aka riƙa kiran wannan sauti "gamma ut", har yawan faɗa ya haɗe su suka zama kalma guda.

Daga nan ma'anar ta yi ta buɗewa. Sunan matakin farko ya zama sunan tsanin gaba ɗaya, sa'annan a ƙarni na 17 Turawan Ingila suka fitar da kalmar daga fagen kiɗa, suka ɗora ta a kan kowane abu mai farko da ƙarshe. A yau har masu ƙera kwamfuta na amfani da ita wajen bayyana adadin launukan da allo ke iya nunawa. Ita kuwa "ut", a ƙarnin ne Italiyawa suka musanya ta da "do", wadda ta fi daɗin rerawa.

Waɗanda suka yi karatu da Faransanci sun riga sun san 'yar'uwarta, "gamme", domin daga gamma ɗin ta fito. A wajen fassara zuwa Hausa, a ganina, neman kalma ɗaya ɓata lokaci ne. "Kaf", "ɗaukacin", ko ginin jimla da "tun daga… har zuwa…" sun fi kama ma'anar, gwargwadon muhallin da ta zo.